Surukina da Dangin Tumatir

A birni aka haife ni. Kakanninmu Barebari ne da suka zo Kano fatauci suka zauna, kuma a gidanmu ban taɓa ganin wanda ya riƙe fartanya ba. Tumatir a bakin kasuwa na san shi, an kasa shi a faranti. Na karanci Bayoloji a kwalejin horon malamai, daga nan aure ya kawo ni wani ƙauye kusa da dam ɗin Watari, aka kuma ba ni aikin koyarwa a sakandaren 'yan mata ta jeka-ka-dawo da ke garin gaba da namu.

Maigidana ɗan fari ne, kuma gidansu gida ne da ake riƙe kunyar ɗan fari da gaske. Iyayensa ba sa kiran sunansa, ba sa zama hira da shi. Idan maganarsa ta kama dole, sai su ce "wancan yaron", alhali har ya fara furfura a gemu. Kunyar nan ta shafe ni. Uwar mijina, wadda nake ce wa Inna, ba ta daɗe ba ta saki jiki da ni, domin tukunya ɗaya muke ɗorawa, kuma ba a yin tuwo da mutum kullum ana sunkuyar da kai. Amma mahaifinsa, Baba, tsakanina da shi gaisuwa ce kawai. In durƙusa daga nesa da safe, ya amsa yana kallon wani wuri, ya sa mini albarka, in tashi. Ya sa mini suna Malama, amma ba ni yake kira da shi ba. Inna yake ce wa, "A ba Malama," ko "Malama ta dawo?"

Baba dogon mutum ne, siriri, marar yawan magana. Yana cikin dattawan da ake kira idan rikicin iyakar gona ya tashi, kuma an san shi da tambaya guda: "Wa ya shaida?" Ko labarin kasuwa aka kawo masa sai ya yi ta. Yana da gona a tudu inda yake noma gero da dawa da wake, sannan yana da lambu a ƙarƙashin kanal, wato magudanar da ke kawo ruwan dam, inda yake dasa tumatir kowane rani tun lokacin da ruwan dam ya iso wajensu.

Na yi 'yan shekaru a gidan kafin lambun ya sami matsala. A ranin, tumatir ya yi kyau har ya fara ɗaukar 'ya'ya. Da sanyi ya ja baya, zafi ya fara shigowa, sai aka ga wasu suna yaushi da rana, su farfaɗo da safe. Ba a jima ba suka kwanta gaba ɗaya, ganyen yana nan kore, kamar an watsa masa ruwan zafi. Baba ya ɗauka ƙishirwa ce, ya ƙara ban ruwa. Abin ya ƙara yaɗuwa, yana bin hanyar ruwa daga wannan kwamin shuka zuwa wancan. Ya sayo maganin feshi daga Bichi, aka fesa, bai hana komai ba.

Wata rana na dawo daga makaranta na tarar da tushe guda a yashe a zaure. Baba ne ya tugo shi don ya nuna wa maƙwabcinsa. Na ɗauka na shiga da shi. Na yanke karan kusa da saiwa, na ga cikinsa ya yi duhu-duhu. Sai na tuna wani gwaji da aka nuna mana a kwaleji. Na ɗebo ruwa mai tsabta a kofin gilashi, na tsoma bakin karan na riƙe shi ban motsa ba. Can sai wani abu fari-fari ya fara zubowa daga karan, siriri kamar zare, yana sauka cikin ruwan.

Inna tana tankaɗe a gefe. Ta ce, "Me kuma kike jiƙawa?"

Na kira ta ta leƙa. Na gaya mata wasu ƙwayoyin cuta ne da ido ba ya gani, sun shiga ta saiwa sun toshe hanyar da ruwa yake bi a cikin kara, shi ya sa shukar take mutuwa da ƙishirwa alhali tana cikin ruwa. Na ce a ƙasa suke zaune, feshi ba ya kai musu.

Ban san ko ta isar da maganar ba. Amma daga baya malamin gona ya zo ya duba, ya faɗi kusan haka, ya ce a hutar da wurin daga tumatir na wasu shekaru. Baba ya karɓi shawarar. Abin da aka samu a ranin bai taka kara ya karya ba.

Ƙarshen damina, muna sussukar gero, Inna ta ce mini Baba ya fara shirin renon iri. Bana ba tumatir, in ji ta. Attaruhu zai dasa da gauta.

Na ajiye taɓarya. A makon nan ma na koyar da 'yan aji biyar yadda ake karkasa halittu gida-gida, kuma misalin da na rubuta a allo shi ne gidan su tumatir: tumatir, attaruhu, tattasai, barkono, gauta, yalo, dankalin turawa, taba. Cutar da take kama ɗaya a irin wannan gida, sau da yawa takan kama sauran. Malamin gona ya ce a bar tumatir, bai lissafa dangin ba, wataƙila ya ɗauka an gane.

Maigidana yana fataucin hatsi zuwa Kudu, yakan yi makonni ba ya gida. Na kira shi a waya na yi masa bayani. Ya saurara har na gama, sannan ya ce, "Na ji, kuma na yarda. Amma ni ma ban isa in tsaya gaban Baba in ce ga abin da zai shuka ba. Ki bi ta wajen Inna."

Na san idan na ce wa Inna littafi ne ya faɗa, maganar ba za ta wuce ƙofar ɗakinta ba. Sai na fita bayan gida, inda take ɗan shuke-shukenta na miya da damina. Na tsinko furen gauta da na attaruhu, na roƙi na tumatir a gidan maƙwabta, na haɗo da 'ya'yan kowanne. Na jera su a faifai na kai mata.

Na ce, "Inna, duba min waɗannan."

Ta ɗauki furen tumatir, ta ɗauki na gauta, ta juya su a tafin hannu. Launi ya bambanta, amma kowanne ya buɗe kamar tauraro mai kusurwa biyar, da ɗan tsini a tsakiya. Na nuna mata 'yar hular da kowane ɗa yake da ita a wajen da ya maƙale da reshe. Na fasa su na nuna mata irin, duk falale-falale, ba a rarrabe na attaruhu da na gauta sai an lura.

"To, sai me?" in ji ta.

"'Yan gida ɗaya ne. Har da taba. Abin da ya kashe tumatir yana nan a ƙasar lambun, yana iya kama waɗannan."

Da ta ji taba sai ta yi murmushi. Ta ce lokacin suna 'yan mata, idan ba a sami furen taba na goge haƙori ba, da na gauta suke yi. Ta ɗauki faifan yadda yake ta rufe shi da wani, ta ajiye har Baba ya dawo daga masallaci.

Washegari ta kawo mini amsa. Ya ce attaruhu yaji, tumatir tsami, gauta ɗaci, a ina suka haɗu? Kuma wa ya shaida? Amma ya daɗe yana kallon faifan, in ji ta, kuma bai bari an zubar ba.

Abin da ya yi shi ne ya raba lambun. Ɓangare guda ya dasa attaruhu da gauta kamar yadda ya yi niyya. Ɗaya ɓangaren ya sa albasa da masara, domin ya aiko an tambaye ni su waye ba dangin ba, na lissafa masa. Da zafi ya shigo, gauta ta fara kwanciya, irin kwanciyar nan da ganye kore. Attaruhu ya ɗan fi juriya, amma shi ma ya yi giɓi-giɓi. Albasa da masara ko a jikinsu. Rani na gaba lambun duka albasa ne da alkama.

Na ɗauka maganar ta ƙare a nan. Sai wata la'asar Inna ta shigo ɗakina da reshen zaƙami, har da ɗansa mai ƙaya, a naɗe cikin tsohon buhu.

"Ya ce a tambaye ki, wannan ɗan gidan wa ne?"

Na ce gidan su tumatir ne. Ta ce ai shi ma haka ya zata. Ya murza ganyen ya ji warin, ya fasa ɗan ya ga irin, ya ce in dai maganar Malama gaskiya ce, to wannan ma nasu ne. Ta ƙara da cewa ya ce kowane gida ba ya rasa mahaukaci.

Daga nan aike ya fara yawa. Yau ganye, gobe saiwa, jibi kwanson wani abu da ya tsinta a kan kunya. Wasu na sani, wasu sai na duba a waya ko a littafin makaranta, wasu kuma in ce ban sani ba. Inna ta gaji da zirga-zirga. Ta ce ita ba 'yar aike ba ce, kuma rabin maganar yana zubewa a hanya. Ita ce ta sauya tsarin. Bayan la'asar takan shimfiɗa tabarma a ƙofar ɗakinta muna tsintar shinkafa ko gyaran ganye, Baba kuma yana zaune a ƙofar turakarsa, danga ta kara tsakaninmu. Sai ya ɗaga murya kaɗan ya ce, "Ki tambayi Malama." Ni kuma in dubi Inna in ba ta amsa, da muryar da za ta tsallake dangar. Inna takan ci gaba da aikinta, wani lokaci ma ta tashi ta tafi duba tukunya, muna ta magana da ita ba ta wurin.

Gardamarmu ta farko a kan dankali ce. Ya ce tunda dankalin turawa ɗan gidan su tumatir ne, to dankalinmu ma haka. Na ce suna ne kawai ya haɗa su, da kuma cewa dukansu a ƙasa ake tono su. Dankalin turawa ya fi kusa da tumatir fiye da yadda attaruhu yake kusa da tumatir. Namu kuwa ɗan gidan su duman rafi ne, wannan mai yaɗo a bakin ruwa da dabbobi ba sa ci. Da su tumatir akwai dangantaka, amma ta can nesa.

Ya ce, "Gaya mata wannan bai shiga ba."

Ban ja ba. Bayan wasu makonni ya dawo daga lambun wani abokinsa da fure biyu, na dankali da na duman rafi, dukansu kamar bakin kakaki. Ya ba Inna ta kawo mini. Ba saƙo a tare da su.

A kan kuka ne ya nemi cikakken bayani. Lokacin na je wani kwas na hutu a Kano, inda na ji cewa tsarin da aka koya mana a kwaleji ya sauya a wurare da dama. Da can kuka gidanta daban, kuɓewa gidanta daban, lalo ma haka. Yanzu an haɗa su gida ɗaya, da rama da yakuwa da auduga da rimi, har da goro. Na faɗa wa Inna muna kaɗa miya, don na san zai ba ta dariya. Ta ce ita ba ta ga abin mamaki ba, kuka da kuɓewa da lalo ai duk yauƙi ne. Ta ce sai a ƙara da karkashi. Na ce karkashi kuwa ba ya ciki, shi ɗan'uwan riɗi ne, yauƙinsa nasa ne daban. Ta ce to masu littafin ba su taɓa cin tuwo ba.

Da yamma ta kai masa labarin. Sai na ji muryarsa ta bayan danga.

"Ki tambaye ta. Itacen da mutum uku ba sa zagaye shi da hannu, da kuɓewar da nake tugewa da hannu ɗaya. Jiya ba dangi ba, yau dangi. Me ya faru tsakanin jiya da yau?"

Na ce wa Inna shaidu ne suka ƙaru. Da can masana da ido suke aiki: su duba fure, su duba ɗa, su duba iri, su haɗa masu kama da juna. Sau da yawa suna dacewa, amma kama takan yi ruɗi, kamar yadda yauƙin karkashi ya ruɗe mu. Yanzu abin da suke nema shi ne wa ya fito daga tsatson wa. Idan aka ce tumatir da gauta dangi ne, ana nufin can baya, shekarun da ba sa lissafuwa, akwai wata shuka guda da dukansu suka gangaro daga gare ta, zuriyarta ta rarrabu, kowane reshe ya bi hanyarsa yana sauyawa a hankali. Na ɗauki tsinke na zana a ƙasa, layi ɗaya ya rabu biyu, kowanne ya sake rabuwa. Waɗanda suka rabu kwanan nan su ne makusanta. Waɗanda suka rabu tun can tushe su ne dangin nesa.

"Wa ya ga kakar?"

"Ba wanda ya gan ta, Inna. Wani lokaci akan tono burbushin tsofaffin halittu a cikin duwatsu. Amma babbar shaidar tana jikin kowace halitta. Akwai abin da ake kira ƙwayoyin gado, kamar dogon rubutu ne da uwa take kwafe wa ɗa. A wajen kwafewar akan sami 'yar zamiya, kuma duk wanda ya biyo baya da zamiyar zai gada. Yanzu ana iya karanta rubutun. Idan aka ga kuka da kuɓewa suna da zamiya iri ɗaya a wurare da yawa, wadda babu ita a karkashi, an san daga wuri ɗaya suka kwafo."

Mahaifin Baba malami ne, ya bar masa littattafan fiƙihu rubutun hannu a cikin gafaka, ya san yadda kuskuren mai kwafe yake bin duk wanda ya kwafa daga gare shi. Can ya ce, "Wannan shaida ce. Amma ni ban ga rubutun ba." Na ce ni ma ban gani ba, karantawa na yi. Ya ce to mu biyun ji muka yi. Washegari da ya fita ya tsaya gindin kukar bakin gari ya ɗauko furenta da ya faɗo, ya kwatanta da na auduga. Inna ta ce ya ce da ɗan kama-kama.

Daga tsirrai muka koma dabbobi. Jemage bai ba shi wahala ba, domin ya taɓa ganin uwa da ɗanta manne a ƙirji, ya san tana shayarwa. Raƙumin dawa, da na ce ya fi kusa da saniya fiye da raƙumi, ya ce bai taɓa ganinsa ba, ba zai yi gardama a kan wanda bai sani ba. Amma da na ce kada ya fi kusa da kaza fiye da yadda yake kusa da damo, sai ya ƙi sam. Na kawo masa abin da na sani: kada yana yin sheƙa, yana gadin ƙwai, 'ya'yansa suna kiransa ya zo, zuciyarsa irin ta tsuntsu ce wajen yawan ɗakuna. Ya ce duk ya ji, amma ya ga kada a dam, ya ga damo a gona, ya yanka kaza da hannunsa, kuma idonsa bai mutu ba. Har ya rasu bai karɓi wannan ba, ni ma ban janye ba.

Wata rana da damina ya aiko da naman kaza, wannan farin abu mai laima da yake fitowa a kan juji bayan ruwa. Na ce ba tsiro ba ne, ba ya yin abincinsa da hasken rana, kuma a wajen masana ya fi kusa da dabbobi fiye da tsirrai. Sai na ji ya yi dariya, ya ce ashe wanda ya sa masa suna bai yi nisa da gaskiya ba. Ban taɓa jin dariyarsa ba kafin ranar.

Inna ce ta yi tambayar da na san wata rana za a yi. Tana ɓarar gyaɗa, ba ta ko ɗago ba, ta ce, "To mu fa? Dangin wa ne mu a littafin naku?"

Na ce a littafin da muke koyarwa, jikin mutum an sa shi cikin masu shayarwa, kusa da manyan birrai, kuma haka nake koya wa 'yan mata domin shi ake tambaya a jarrabawa. Ban ƙara ba, ban rage ba.

Baba ya gyara murya. Ya ce, "Ɗan Adam an faɗa mana asalinsa. Wannan ba a neman shaida a kai. A tsaya a kan ciyawa da dabba."

A nan muka tsaya. Bai yi fushi ba, bai kuma daina aikowa da ganye ba. Ni kaina abu ne da nake ɗauke da shi tun ina kwaleji, ina shiga aji da littafina, ina fitowa in yi sallata, kuma ba a tsakar gidan surukaina zan warware shi ba.

Makarantarmu tana da madubin duba ƙananan halittu guda ɗaya, tsoho, irin wanda yake aiki da hasken rana. Yana kulle a ofishin shugabar makaranta saboda ba mu da ɗakin gwaji. Da dogon hutu ya zo, na roƙe ta ta ba ni aronsa, na ce akwai dattijon da nake so ya gani. Ta yi mamaki, amma ta ba ni, ta ce in kula da shi kamar jariri. Na rungumo akwatinsa a kan babur har gida.

Da hantsi na kifa turmi a tsakar gida inda rana take faɗowa, na ɗora shi. Matsalar ita ce ba a leƙa madubi ta bayan danga. Inna ta je ta faɗa masa. Ya ɗan jima kafin ya fito, da hula da carbi kamar mai zuwa ɗaurin aure. Na saita na ja da baya, na durƙusa. Ya tsuguna, ya rufe ido ɗaya da tafin hannu, ya kara ɗayan. Ya ce wa Inna duhu kawai yake gani. Dole na matso na juya masa ɗan madubin ƙasa har haske ya shiga. Tun da na zo gidan ban taɓa kusantarsa haka ba.

Fatar albasa na fara sa masa, 'yar siririyar nan ta ciki. Ya ga ɗakuna a jere kamar tubalin gini. Na sauya da fatar ganyen tumatir. Ya leƙa ya ce su ma ɗakuna ne, sai dai bangonsu a karkace. Na ce duk tsiro haka yake, kuma naman dabba ma ɗakuna ne, domin idan aka yi ta komawa baya kowa yana haɗuwa da kowa. Inna ta leƙa sau ɗaya ta ce yana sa ta jiri, ta koma wajen tukunyarta.

Tun kwana ɗaya kafin nan na roƙa a ɗebo mini ruwan kanal a kwalba, daga gefe inda gansakuka take. Na ɗiga ɗigo ɗaya a gilashin, na saita. Ya kara idonsa. Sai na ga ya ɗan ja kansa baya, ya sake karawa. Ya daɗe a haka, gwiwarsa a ƙasa, carbinsa ya faɗi bai sani ba. Akwai masu juyawa kamar gare, akwai kore masu wutsiya, akwai wani mai kama da takalmi yana ta kai da kawo.

Bai ɗago ba ya ce, "Malama, waɗannan fa? 'Yan gidan wa ne?"

Na waiwaya, Inna tana can madafi. Da ni yake.

Na ce, "Baba, kore-koren nan wasunsu suna da dangantaka da tsirrai. Sauran da yawa ba tsiro ba ne, ba dabba ba ne, rassa ne nasu na daban. Masana ma har yanzu suna ta sauya musu wuri. Ni ban san sunan yawancinsu ba."

Ya ce in nuna masa wanda ya kashe masa tumatir. Na ce wannan ya fi waɗannan ƙanƙanta nesa ba kusa ba, sai an rina shi da wani magani da ba mu da shi, kuma madubin namu ba shi da ƙarfin nuna shi sosai. Ya ce ashe. Na ga bai ji daɗi ba, domin ina jin shi ya fi so ya gani. Ya sake leƙa ruwan, sannan ya dafa turmin ya miƙe, ya kakkaɓe gwiwarsa. Ya tambaye ni ko ruwan rijiyar burtsatse ma haka yake. Na ce mu duba. Muka duba, ba mu ga komai yana motsi ba, na kuma gaya masa rashin gani ba ya nufin babu.

Tun daga ranar, idan zai tafi lambu sai ya ɗaura jarkar ruwan burtsatse a bayan kekensa, ya hana masu yi masa aiki kurɓar na kanal. Ya kuma kira abokansa biyu na masallaci washegari suka zo suka leƙa, shi yake juya musu madubin hasken.

Gaisuwarmu ba ta sauya ba, daga nesa nake durƙusawa har ƙarshen rayuwarsa. Sai dai wani lokaci bayan ya sa mini albarka yakan ce, "Tsaya, Malama," ya zaro wani ganye daga aljihun rigarsa.

Da hutu ya ƙare zan mayar da madubin, ya sa aka cika buhu da albasa aka ɗaura a bayan babur ɗin. Ya ce in kai wa shugabar makaranta, in ce mata an gode.